Daga Alkaki Zuwa Ka'ak: Tarihin Farantin Sallah a Ƙauyukan Hausawan Sudan

Idan azumi ya shiga goman ƙarshe a garuruwan Jazira da na bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, akwai wani aiki da ke tashi a cikin gidaje wanda ba ya jiran kowa. Bayan an sha ruwa an yi asham, sai mata su shimfiɗa tabarma a tsakar gida, maƙwabta su shigo kowace da hannunta, a dafa shayi, a zauna kwaɓa fulawa. Yau a yi na gidan wance, gobe a koma gidan wance, kamar dai yadda ake gayya a gona. Yara maza kuma aikinsu shi ne jigilar manyan farantan ƙarfe a ka, daga gida zuwa gidan burodin unguwa, su yi layi, su jira a gasa, su dawo da shi da zafinsa. Abin da ake yi ɗin nan mutanen Sudan suna kiransa habiz, wato kayan gashi, kuma sarkinsu shi ne ka'ak: ɗan curin fulawa da man shanu da riɗi, wanda ake birkiɗa shi cikin garin sukari har ya yi fari fat.

Hausawan da ke zaune a waɗannan ƙauyuka suna yin wannan hidima kamar kowa. Mai karatu da ya tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi zai iya cewa ai wannan al'adar Larabawa ce suka ara. Gaskiya ne sun same ta a can. Sai dai idan aka saurari sunan da kyau, za a ji wani abu da muka sani. Cire "al" daga alkaki, me ya rage? Masana harshe suna danganta alkakinmu da wannan kalma ta Larabci, al-ka'ak. Ke nan kalmar ta riga ta zo ƙasar Hausa ta zauna ta zama 'yar gida, kafin Hausawa su yi tattaki gabas su sake haɗuwa da ita da wata kama. Tarihin waɗannan tafiye-tafiye biyu, na kalmar da na mutanen, shi nake so mu bi.

Tafiyar kalma zuwa yamma

Ka'ak tsohon abu ne a Masar. Malamin tarihi Almaƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya kawo labarin wani babban ma'aikacin hukuma a ƙarni na 10, Abubakar Almadara'i, wanda ya sa aka cusa dinare a cikin ka'ak aka raba wa baƙinsa. A zamanin daular Faɗimiyya kuma, halifa Al'aziz, wanda ya yi mulki daga 975 zuwa 996, ya kafa wani gida na musamman a Alƙahira mai suna Darul Fiɗira, aikinsa kawai shirya kayan zaƙin ƙaramar Sallah da raba su. Tun daga wancan lokaci ka'ak da Sallah suke tafiya tare a bakin kogin Nilu.

Ƙasar Hausa kuwa ta san irin waɗannan abinci ne ta hanyar fatauci. Larabawan Tarabulus da Gadamas da suka zauna a cikin birnin Kano sun zo da son abincin alkama, kuma sunayen da kansu suna ba da shaida: alkama, sukari, alewa, gurasa, gireba, duk asalinsu Larabci ne. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya lissafa sukari cikin hajojin da raƙuma ke ƙetaro Sahara da su, a dunƙule ƙanana. Abin da ya sha irin wannan tafiya ba zai yi arha ba. Alkamar ma a fadama ake noma ta da rani, ana ban ruwa da jigo, don haka ba cimar kullum ba ce. Zaƙin talaka a lokacin shi ne zuma, da rake, da takanɗa, daga baya kuma mazarƙwaila.

Da abin da ke hannu matan Hausa suka ƙera nasu ka'ak ɗin. Babu tandar gashi a kowane gida, amma akwai kasko da mai, sai aka koma suya. Babu sukarin barbaɗawa, amma akwai zuma, sai aka koma tsomawa. Haka alkaki ya samu: a ɓarza alkama, a murza ta da mai, a kwaɓa a bar ta ta kwana ta yi tsami, a sa ɗan ruwan kanwa, a naɗa, a soya, a jefa cikin zuma tun yana da zafi. Saboda tsadarsa ya zama abin fita kunya, shi ya sa har gobe garar amarya ba ta cika sai da alkaki da nakiya da dubulan.

Tafiyar mutane zuwa gabas

Hanyar gabas tsohuwa ce ga mahajjata. Mutum ya bar Kano ko Katsina a ƙasa, ya bi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, ya ƙetare Nilu, ya nufi Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru, domin guzuri yana ƙarewa, dole a tsaya a yi noma ko ƙodago ko koyar da allo kafin a ƙara gaba. Da yawa a nan tsayawar suka yi aure suka hayayyafa. Mutanen Sudan suna haɗa su duka, Hausa da Fulani da Barebari, su kira su Fallata ko Takari.

Shekarar 1903 ce ta mayar da wannan ɗigo ya zama ambaliya. Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira a kan zama ƙarƙashin Nasara, jama'a masu yawa suka bi shi. An cim masa a Burmi, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'ar suka ci gaba da tafiya. A wajajen 1906 suka iso Shuɗin Nilu, suka fara sauka a garin Shaikh Ɗalha, daga baya suka ƙetare ruwa suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa har yau, Mai Wurno, kudu kaɗan da Sinnar. Abin mamaki, sun guje wa Turawan Ingila a yamma, sun tarar da su a gabas, domin tun 1898 Sudan ta faɗa hannunsu.

Wanda ya yi shekara uku yana tafiya a ƙasa ba ya ɗauke da alkama da zuma. Abin da waɗannan bayin Allah suka iso da shi shi ne ilmin noman gero da dawa da gyaɗa, da sana'ar hannu, da Alƙur'ani. Ƙasar da suka sauka ita ma ta masu dawa ce: abincin yau da kullum kisra ce, wata siririyar waina ta dawa mai tsami, da asida, wadda ba ta da maraba da tuwo. Ka'ak a wancan zamani abincin birni ne, na gidajen 'yan kasuwa da ma'aikata da waɗanda suka cuɗanya da Misirawa, waɗanda suka mulki ƙasar tun bayan faɗuwar daular Funj ta Sinnar a 1821. Kafin ya shigo ƙauye sai da abubuwa uku suka samu: kuɗi a hannun manomi, sukari a kanti, da fulawa mai arha.

Auduga da shayi

Kuɗin ta hanyar auduga ya zo. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman auduga mai dogon zare, ga kuma fili shimfiɗaɗɗe tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, wanda shi ake kira Jazira. Aka gina madatsar ruwa a Sinnar, aka gama a 1925, aka buɗe shirin noman Jazira da faddan 300,000. Faddan awon gona ne da ya ɗan ɗara eka. Bayan an ƙara yankin Manaƙil a ƙarshen shekarun 1950, shirin ya kai kimanin faddan miliyan 2, ya shiga sahun manyan gonakin ban ruwa na duniya. Tsarin shi ne a ba manomi yanki da ake kira hawasha, a raba kuɗin audugar tsakaninsa da gwamnati da kamfanin Turawa, har zuwa 1950 da gwamnati ta karɓe ragamar.

Irin wannan gona tana cin hannu. Haƙar magudanai, shuka, cire ciyawa, tsinkar auduga, tumɓuke karan bayan girbi, duk aikin mutum ne. Mutanen yammacin Afirka suna cikin waɗanda suka fi ɗaukar wannan nauyi, kuma Sarki Mai Wurno da kansa ya riƙa tura jama'arsa aiki, hukuma kuma ta ba shi damar kafa sababbin ƙauyuka a bakin kogi. Lokacin da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930, manoma da dama suka watsar da hawashoshinsu, wasu Hausawa da Fulani suka karɓa suka riƙe. Amma akasari sun ci gaba da zama 'yan ƙodago ko masu noman raba-daidai, a ƙananan matsugunai da ke gefen ƙauyukan masu gona, waɗanda ake kira kambo, jam'insu kanabi. Masu bincike biyu sun rubuta littattafai a kan wannan rayuwa: Mark Duffield a kan garin Mai Wurno a 1981, da Bawa Yamba a kan Hausawan Jazira a 1995, inda ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunnen mahajjata suke ci gaba da ɗaukar kansu matafiya da ke kan hanyar Makka.

Kuɗin auduga na farko da ya shiga ƙauye, shayi da sukari ne suka fara cinye shi. Shan shayi mai zaƙi ya bazu a Sudan a farkon ƙarni na 20 har ya zama ba a karɓar baƙo sai da shi. Gwamnatin mulkin mallaka ta lura da haka, bayan Yaƙin Duniya na Farko ta mayar da shigo da sukari da sayar da shi haƙƙinta ita kaɗai, ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗinta. Wato ɗan ƙodago ya tsinci auduga da rana a biya shi, da yamma ya sayi sukari wani kaso na kuɗin ya koma baitulmali. Tun daga nan sukari ya zama maganar siyasa a Sudan, bai kuma daina ba.

Masana'antun sukari da buhun fulawa

Bayan samun 'yancin kai a 1956, gwamnatocin Sudan suka ƙudurta noma sukarinsu. Masana'anta ta farko ita ce ta Junaid, a gabashin Shuɗin Nilu kusa da Rufa'a, wadda ta fara aiki a 1962. Sai ta Sabuwar Halfa a tsakiyar shekarun 1960, sai ta Sinnar a 1976, sai Asalaya a 1980. Babbarsu ita ce Kinana, kusa da Rabak a yankin Farin Nilu, wadda aka kafa da jarin Sudan da na ƙasashen Larabawa, shugaba Ja'afar Numairi ya buɗe ta a 1981. A shekarunta na ƙarfi ta taɓa wuce tan 400,000 a shekara. Biyu daga cikin waɗannan masana'antu, Junaid da Sinnar, a tsakiyar yankin da Hausawa suke zaune suke.

A daidai wannan lokaci alkama ta shigo da ƙarfinta. Tallafin alkama daga Amurka ya fara isowa, aka kuma shigar da ita cikin amfanin da ake nomawa a Jazira da sanyi. Gwamnati ta riƙa tallafa wa farashin fulawa, gidajen burodi suka yawaita har a manyan ƙauyuka, burodi ya fara ture kisra daga kan faifai. Gidan burodin nan shi ne mabuɗin labarinmu, domin shi ya ba matar ƙauye tandar da ba ta da ita. Da fulawa a kanti, da sukari a buhu, da tanda a bakin titi, abin da dā sai gidan attajiri ya zama na kowa.

Duk da haka sukari bai taɓa zama abin sakaci ba. A watan Janairun 1982 gwamnatin Numairi ta ƙara kuɗinsa da fiye da rabi, ɗalibai suka fito zanga-zanga a garuruwa da dama, aka rasa rayuka. Shekaru da yawa bayan haka da katin rabo ake sayensa, wanda suke kira tamwin, kowane gida da awonsa. Uwar gida mai son fita kunyar Sallah sai ta fara rage na shayi tana tarawa tun kafin azumi ya kama.

Yadda ake yin sa

Wanda ya san alkaki zai so ya ji inda hannu ya bambanta. Kwaɓin ka'ak kusan ba a sa masa sukari, sai ɗan kaɗan da za a tayar da yis. Ana tankaɗe fulawa a babban kwano, a yi rami a tsakiya, a zuba riɗi, sannan a narka man shanu ya yi zafi sosai a kwarara a kai. Zafin man yana soya riɗin ya fito da ƙamshi, yana kuma lulluɓe garin yadda ba zai yi danƙo ba idan ruwa ya taɓa shi. Wannan shi ne sirrin da ya sa ka'ak mai kyau yake narkewa a baki. Idan ya huce sai a murza da tafin hannu, a zuba yis da madara, a haɗa shi ba tare da an cika bugu ba, a rufe ya tashi. Daga nan a cura ƙanana, a ɗauko wani ɗan matsefin ƙarfe mai haƙora da suke kira mingash a yi masa zane a baya. Zanen yana da amfani bayan ado: cikin ramukansa sukari yake maƙalewa. Bayan an gasa, dole a bari ya huce sarai kafin a birkiɗa shi cikin sukarin da aka niƙa ya yi laushi, in ba haka ba zafi ya narkar da shi ya dame.

Alkaki kuwa akasin haka yake so. Yau da zuma ta yi tsada, sukari ake dafawa da ruwa, a matsa lemon tsami ko a sa tsamiya don kada ya sake daskarewa ya koma tsakuwa, a tsoma alkakin da zafinsa ya sha ya yi ƙyalli. Ɗaya ana jiƙa shi, ɗaya ana barbaɗa masa. Ɗaya na kasko, ɗaya na tanda. Amma dukansu an yi su ne don su daɗe ba su lalace ba, a ajiye a riƙa fito wa baƙi da su.

Ka'ak ba ya fita shi kaɗai. Akwai biskit da ake sa wa nashadir, wani farin gishiri mai hawa kai wanda ke kumbura kwaɓi ya kuma gudu a cikin wuta, ana matso shi ta bakin injin niƙa nama ya fito dogo mai layi-layi. Akwai guraiba, wadda ita ce girebarmu. Akwai betifor da ake manna biyu da jam. Har akwai wani mai suna lankashir, sunan da ya yi daidai da na yankin Ingilar da audugar Jazira ta riƙa tafiya. Idan an gama sai a jera su a bokitai masu murfi a kai ɗaki. Ranar Sallah bayan an sauko daga idi, kowane gida a buɗe yake, a shiga a yi barka da Sallah, a nemi gafarar juna, a miƙo faranti. A biki ma haka: dangin ango suna kai kayan da ake kira shela, da buhunan sukari da fulawa da mai a ciki, uwar amarya kuma ta mayar da abin da ake kira karin kumallon ango, da bokitan habiz a gaba. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan, lefe ne da gara.

Cuɗanyar ba ta tsaya a gefe ɗaya ba. Duk wanda ya zaga Khartum ko Madani da yamma zai ga masu agashe, naman da aka shafa wa ƙuli da yaji aka gasa a bakin wuta, kowa kuma ya san sana'ar Hausawa ce. Haka godo-godo, abin sha na gero da nono, ya shiga bakin mutanen ƙasar. An ba su, su ma sun bayar.

Abin da faranti bai warware ba

Cin abinci ɗaya bai sa an zama ɗaya a gaban doka ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda kakanninsa suke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba, 1897. Waɗanda suka taso daga Burmi sun makara da 'yan shekaru kaɗan. Daga baya aka riƙa matso da wannan iyaka, har dokar 1994 ta kai ta zuwa 1956. Tsawon wannan lokaci mutum yana iya zama an haife shi a Jazira, an haifi ubansa a can, amma takardar ɗan ƙasa da mallakar gona su gagare shi.

Duk da haka, da tura ta kai bango a kan burodi, daga garin Mai Wurno aka fara jin murya. Ranar 6 ga Disamba, 2018, ɗaliban makarantun garin suka fito kan titi saboda ƙarancin burodi da tsadarsa. Damazin ta biyo baya ranar 13, Atbara ranar 19, wutar ta kama ƙasa duka har ta kai ga faɗuwar Umar Albashir ranar 11 ga Afrilu, 2019. 'Yan Sudan da dama suna lissafa Mai Wurno a matsayin inda tartsatsin farko ya tashi. Jikokin masu hijira, waɗanda kakanninsu suka iso da gero, su ne suka fara fitowa a kan alkama, a matsayin 'yan ƙasa masu neman haƙƙinsu.

Shekaru uku da rabi bayan haka, a watan Yulin 2022, rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, a kan neman Hausawa na a ba su sarautar gargajiya tasu, abin da ɗaya ɓangaren ya ɗauka neman ƙasa ne. Ya sake tashi a watan Oktoba a Wad Almahi. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Tsohuwar tambayar nan ta waye ɗan gida waye baƙo ita ce ta dawo.

Sannan babban yaƙi ya zo. An fara harbe-harbe a Khartum tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu, 2023, wadda ta yi daidai da 24 ga Ramadan, wato tsakiyar kwanakin kwaɓin habiz. A watan Disamba na shekarar Wad Madani ta faɗi, a ƙarshen Yunin 2024 Sinja ta bi, faɗa ya iso har gefen Mai Wurno. Soja sun karɓe Sinja a watan Nuwamba, suka koma Madani ranar 11 ga Janairu, 2025, amma ɓarnar ta riga ta auku. Aiki ya tsaya a masana'antun Junaid da Sinnar, waɗanda dama tun kafin yaƙin ƙarfinsu ya ragu har ƙasar ta koma dogaro da sukarin waje. Magudanan Jazira sun cushe, miliyoyin mutane sun watse, kuma gayyar matan unguwa ba ta yiwuwa idan unguwar ta tashi.

Shi ya sa idan ɗan'uwa ya ga hoton farantin Sallah daga Sinnar ko Hasahisa ko Damazin, da fararen curi a jere, yana da kyau ya san abin da aka bi kafin a kai ga wannan faranti: Burmi, da tafiyar shekara uku, da gonar auduga, da katin tamwin, da dokar 1957. Idan kuma aka kawo gara gidanku aka buɗe kwanon alkaki, a tuna da 'yan'uwan da ke can gabas, waɗanda suke kiran nasu da sunan da namu ya samo asali. Allah Ya zaunar da ƙasar Sudan lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya sa su ga Sallar da yara za su sake yin layi a ƙofar gidan burodi da faranti a ka.